Irinmu Ne Ya Yi Kyau, Ko Damina Ce Ta Yi Albarka?

(Jawabin da sashen raya karkara ya gabatar a taron kwamitocin ƙauyuka. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba.)

  

Akwai ƙorafi guda da ya daɗe yana zuwa kunnenmu, yau kuma mun ga ya kamata mu amsa shi a gaban kowa. Ana cewa: "Ma'aikatanku sun zo ƙauyenmu da takarda da biro, sun tambaye mu buhu nawa muka noma, yara nawa suka yi zawo, sun auna hannun 'ya'yanmu, suka tafi. Rijiya kuwa a ƙauyen maƙwabtanmu aka haƙa. Mu an ƙidaya mu, su an ba su." Maganar tana da zafi, kuma wanda ya faɗe ta bai yi laifi ba. Laifin namu ne da ba mu zauna mun yi muku bayani tun farko ba. Bayanin ne muka kawo yau, kuma za mu fara da ranar da muka sha kunya.

Tambayar wani baba

Wata shekara mun raba irin masara mai saurin nuna a wani ƙauye, bayan sun yi daminar da ba ta yi kyau ba. Da kaka ta zagayo, rumbuna suka cika. Muka rubuta rahoto mai daɗi, muka ɗauki hotuna, muka tara jama'a a gindin bishiya muna ta yabon irin. Sai wani baba da ke zaune a baya ya ɗaga sandarsa, ya ce yana da tambaya. Ya ce: "'Ya'yana, 'yata tana aure a ƙauyen ƙetaren rafi. Ba ku kai musu ko ƙwara ɗaya ba, amma bana su ma suna neman inda za su zuba hatsi. To, irinku ne ya yi kyau, ko damina ce ta yi albarka?"

Wuri ya yi tsit. Ba mu da amsa, domin ba mu taɓa leƙa ƙetaren rafin ba. Mun auna bara, mun auna bana, mun ga ƙari, muka ce aikinmu ne. Wataƙila aikinmu ne. Wataƙila kuma faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Baban nan bai shiga aji ba, amma tambayarsa ita ce masana ilimin zaman jama'a da halayyar ɗan Adam suka daɗe suna fama da ita: da ba a yi aikin ba, me zai faru? Ba wanda zai iya mai da hannun agogo baya ya sake noma shekara guda sau biyu, sau ɗaya da sabon iri, sau ɗaya babu. Saboda haka dole a nemi wasu mutane masu kama da mu, waɗanda rana ɗaya ta dake mu tare, ruwa ɗaya ya jiƙa mu tare, amma aikin bai kai gare su ba. Abin da ya same su shi ne mudun da za mu auna namu da shi.

Cikakken gwaji da kwatankwacin gwaji

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu. A Littafin Daniyel, sura ta 1, Daniyel ya roƙi mai kula da su a fadar Babila ya ba shi da abokansa uku ganye da ruwa har kwana 10, sa'an nan ya dube su tare da samarin da ke cin abincin sarki. Darasin ruhaniya da ke ciki mun bar wa iyayenmu fastoci. Abin da muka ɗauka shi ne, Daniyel ya nemi a jera su da wasu a gwada. Hausawa ma sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Masu bincike suna da hanyar da suka fi amincewa da ita, wadda za mu kira cikakken gwaji. A tara ƙauyuka ko mutane masu yawa, a jefa ƙuri'a, waɗanda ta faɗa musu a ba su abin, sauran su jira. Ƙuri'a ba ta san mai ƙwazo ko malalaci ba, ba ta san ɗan sarki ko ɗan talaka ba, don haka ɓangarorin biyu sukan fito kusan daidai. Duk babban bambancin da aka gani daga baya, ana iya jingina shi ga aikin.

Amma ba kullum ƙuri'a take yiwuwa ba. Ba a haƙa rijiya inda ƙuri'a ta faɗa idan ƙarƙashin wurin dutse ne. Gwamnati ba ta jefa ƙuri'a kafin ta kafa doka. Wani lokaci kuma an riga an gama aikin kafin wani ya tuna da aunawa. A irin wannan hali akan yi amfani da abin da za mu kira kwatankwacin gwaji: ana kwatanta waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, alhali ba ƙuri'a ce ta raba su ba. Gwajin Daniyel ma irin wannan ne, tun da shi da abokansa su suka zaɓi abincinsu da kansu. Wasu masana biyu na Amurka, Donald Campbell da Julian Stanley, su ne suka tsara wannan fanni a rubutunsu na 1963, suka jera hanyoyinsa da tarkunan da ke cikinsa. Yawancin ayyukan da muke yi tare da ku ta wannan hanya kaɗai za a iya auna su.

Tarko uku da ke kama mu

Tarko na ɗaya shi ne wanda baba ya nuna mana. Tsakanin awon farko da na biyu abubuwa da yawa suna faruwa waɗanda ba mu muka yi su ba: ruwan sama, farashin taki, sabuwar hanya, allurar rigakafi ta gwamnati, rikici ko zaman lafiya. Yaro kuma yana girma ko da an ba shi kunun gina jiki ko ba a ba shi ba.

Tarko na biyu ya fi ɓuya. Yaushe ake kiranmu ƙauye? Lokacin da abu ya yi tsanani: shekarar da zawo ya fi kashe yara, ko shekarar da gona ta fi lalacewa. Shekara mafi muni kuwa, wadda ke bin ta sau da yawa takan ɗan fi ta sauƙi ko da ba wanda ya yi komai, domin al'amura sukan koma yadda suka saba. Kamar mai mura ne da ya sha magani ranar da ta fi matsa masa, bayan kwana uku ya warke. Ko bai sha ba, mai yiwuwa ne ta sake shi a kwana ukun.

Tarko na uku shi ne zaɓe. Wa ke fara zuwa idan an yi shelar sabon iri? Manomin da ya saba gwada sabon abu, mai shanun huɗa, mai ɗan kuɗin taki. Wane ƙauye mota ta fi saurin kaiwa? Na bakin hanya, mai kwamiti mai ƙarfi. Idan muka kwatanta waɗannan da waɗanda ba su zo ba, za mu ga sun fi su, amma tun kafin mu zo sun fi su. Ka ba gwanin gudu sabon takalmi, ya yi na ɗaya, ka ce takalmin ne.

Akwai hanyoyi huɗu da masu bincike suke bi don kauce wa tarkunan nan. Kowace za mu haɗa ta da labari na gaskiya daga inda aka yi amfani da ita, ko da yake wuraren suna da nisa da mu.

Hanya ta ɗaya: nemi maƙwabci mai kama da kai

A 1854 kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓarke a birnin Landan na ƙasar Ingila. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka mugun wari ne a iska ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow yana zargin ruwan sha. Ba zai yiwu ya jefa ƙuri'a ya shayar da wasu gurɓataccen ruwa ba. Sai ya lura da wani abu a kudancin birnin. Kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwan famfo a unguwanni ɗaya, bututunsu na bin titi ɗaya, wannan gida na shan na wannan, gidan da ke jikinsa na shan na wancan. Dukansu daga kogin Thames suke ɗiba. Kamfanin Southwark da Vauxhall yana ɗiba a cikin gari, inda ƙazantar bayan gida ke kwarara cikin kogin. Kamfanin Lambeth kuwa a 1852 ya mai da wurin ɗibarsa can sama da gari, inda ƙazantar ba ta kai.

Masu kuɗi da talakawa suna cikin kowane ɓangare, iska ɗaya suke shaƙa, 'yan haya da yawa ma ba su san ruwan wane kamfani suke sha ba. Snow ya bi gidajen da aka yi rasuwa ɗaya bayan ɗaya yana binciken ruwan da suke sha. A makonni 7 na farkon annobar, cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan Southwark da Vauxhall mutum 315 ne suka mutu. Cikin kowane gida 10,000 masu shan na Lambeth, mutum 37. Ya fi ninki takwas. Sai bayan kimanin shekara 30 aka tabbatar da ƙwayar cutar kanta. Snow ya kai ga gaskiya tun kafin nan domin ya sami maƙwabta masu kama da juna a kusan komai, sai ruwan da suke sha.

Shi ya sa idan za mu zaɓi ƙauyen kwatanci mukan duba irin ƙasar noma, nisa da kasuwa, nisa da asibiti, yawan gidaje, da abin da ake shukawa. Ƙauyen fadama ba ya zama mudun ƙauyen tudu.

Hanya ta biyu: cire bambanci daga bambanci

Ba ƙauyuka biyu da suke daidai ɗari bisa ɗari. Maganin wannan shi ne a auna dukansu sau biyu, kafin aiki da bayan aiki. Bari mu yi lissafi da misali. Lambobin nan namu ne don koyarwa, ba na wani ƙauye ba ne.

A ce ƙauyen Gabas ya karɓi iri, na Yamma bai karɓa ba. Kafin aiki, manomin Gabas yana samun buhu 10 a gonarsa, na Yamma buhu 9. Bayan aiki, na Gabas ya sami 16, na Yamma 13. Rahoto irin namu na dā zai ce iri ya ƙara buhu 6. Amma Yamma ma ta ƙaru da buhu 4 ba tare da irinmu ba, wannan rabon damina ne. A cire 4 daga 6, saura 2. Buhu 2 ne amfanin irin. Yanzu sai manomi ya tambayi kansa ko kuɗin irin da takin da yake buƙata sun kai kuɗin buhu 2 ko ba su kai ba.

Lissafin nan yana kuma kare aiki mai kyau daga zargi. A ce shekarar fari ce. Gabas ta sauka daga 10 zuwa 8, mutane suna cewa irin banza aka kawo. Amma Yamma ta sauka daga 9 zuwa 5. Ita ta yi asarar 4, Gabas ta yi asarar 2. Ashe irin ya ceci buhu 2 a kowace gona. Ba don maƙwabci ba, da mun yar da abu mai amfani.

Manyan masana ma lissafin nan suke yi. A watan Afrilu na 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. Da yawa sun yi tsammanin masu kasuwanci za su rage ma'aikata. David Card da Alan Krueger suka bincika gidajen sayar da abinci 410 a ɓangarori biyu na iyakar, kafin ƙarin da bayansa. Ba su ga aikin yi ya ragu a New Jersey ba idan aka kwatanta da maƙwabciyarta. Wasu masana sun yi jayayya da sakamakon, aka yi ta sake lissafi. Amma hanyar ta karɓu, har Card ya kasance cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2021.

Hanya ta uku: duba shekaru da yawa a jere

Wannan ita ce maganin tarko na biyu. A 1955 mutum 324 suka mutu a haɗarin mota a jihar Connecticut ta Amurka, adadin da ya tayar wa kowa hankali. Gwamnan jihar, Abraham Ribicoff, ya ba da umarni a riƙe lasisin duk direban da aka kama da gudun wuce kima, kwana 30 a karon farko. A 1956 waɗanda suka mutu suka koma 284, wato an sami ragin mutum 40. Gwamna ya ce matakinsa ne ya ceci rayukan.

A 1968 Campbell da abokin aikinsa Laurence Ross suka jera lissafin shekaru daga 1951 zuwa 1959. Suka ga adadin dama yana hawa yana sauka kowace shekara, kuma 1955 ita ce ƙololuwa, saboda haka ko ba doka ana iya sa ran sauka. Suka kuma jera shi da na jihohi huɗu na kusa. Abin da suka kammala da shi shi ne, mace-macen sun ci gaba da raguwa a jihar, amma babu tabbatacciyar hujja cewa matakin gwamna ne ya jawo hakan. Gwamnan bai yi mugun abu ba da ya hana gudu. Kuskuren yana wajen ɗaukar shekara biyu kacal a yanke hukunci.

Wannan ya nuna darajar tsoffin littattafan da ke cikin akwatunanku: rajistar ɗakin shan magani, rajistar makaranta, littafin sakataren kwamiti, littafin adashin mata. Kada gara ta cinye su. Littafin da ya riƙe lissafin shekara takwas ya fi hoto ɗari amfani.

Hanya ta huɗu: waɗanda suke bakin layi

Wani lokaci ana raba abu da maki: wanda ya kai maki kaza ya samu, wanda bai kai ba ya rasa. Ɗalibin da ya ci 90 da wanda ya ci 30 sun bambanta ƙwarai. Amma idan layin yana kan 70, wanda ya ci 70 da wanda ya ci 69 kusan ɗaya suke, tambaya guda ce ta raba su. Idan aka bi rayuwar waɗanda ke dab da layin ta sama da ta ƙasa, za a ga abin da kyautar kanta ta yi.

Donald Thistlethwaite da Campbell ne suka fara bayyana wannan hanya a 1960, kan ɗaliban Amurka da aka ba takardar yabo ta ƙasa bisa makin jarrabawa. Suka gano takardar ta ƙara wa ɗalibi damar samun tallafin karatu, amma ba su ga ta canza ra'ayinsa ko burinsa na aiki ba. Mu ma idan muna raba tallafi bisa makin buƙata, za mu iya bin wannan hanya, da sharaɗi guda: kada a taɓa makin. Ranar da wani ya ɗaga makin ɗan ƙanensa don ya tsallake layi, an zalunci wani gida, an kuma lalata awon gaba ɗaya.

Darasi biyu daga ƙasarmu

Kada ku ɗauka a ƙasashen waje kaɗai ake irin wannan. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu tana Jihar Jigawa. Sun fara da auna jinin mutane da ƙidayar sauro fiye da shekara guda kafin su taɓa komai. A daminar 1972 da ta 1973 aka yi feshin maganin sauro a ɗakunan wasu ƙauyuka, wasu aka haɗa musu feshi da rabon ƙwayoyin magani ga kowa, wasu kuma aka bar su don kwatanci. Iyayenmu da ke nan sun tuna cewa shekarun fari ne, ruwan sama kuwa shi ke kawo sauro. Ba don ƙauyukan kwatanci ba, da wuya a raba aikin feshi da aikin yanayi. An gano feshi shi kaɗai bai rage cutar a jinin mutane sosai ba. Feshi tare da magani ya rage ta ƙwarai, amma bai yanke yaɗuwarta ba, da aka daina kuma ta dawo. Sun san haka ne domin sun ci gaba da aunawa bayan an tsai da aiki. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Darasi na biyu daga Pampaida ne, a Ƙaramar Hukumar Ikara ta Jihar Kaduna. Tana cikin wuraren da shirin Ƙauyukan Ƙarni ya yi aiki, shirin da masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya jagoranta a ƙasashen Afirka 10 har zuwa 2015, inda aka haɗa noma, lafiya, makaranta da ruwa lokaci guda. Rahotannin farko sun fi dogara ga kwatanta jiya da yau. A 2010 wasu masana biyu, Michael Clemens da Gabriel Demombynes, suka jera sakamakon wuraren shirin na Kenya da Gana da Nijeriya da na yankunan da ke kewaye da su. Suka nuna cewa wani ɓangare na ci gaban, kamar yawan masu wayar hannu, yana faruwa har a inda shirin bai je ba. Da aka buga binciken ƙarshe a 2018, sai da aka koma aka zaɓo ƙauyukan kwatanci bayan an gama aiki. An sami shirin ya yi tasiri mai kyau a ma'auni 30 cikin 40, musamman noma da lafiya, amma ba a ga tabbataccen tasiri a ma'aunin talauci na abin da gida ke kashewa ba. An yi aiki na gaske a wurin. Da an tanadi mudun kwatanci mai ƙarfi tun ranar farko, da gardamar ba ta yi tsawo haka ba.

Iyakar wannan hanya

Kwatankwacin gwaji ba ya ba da tabbaci irin na ƙuri'a. Idan a shekarar aiki aka buɗe kasuwa a ƙauye ɗaya kaɗai, ko ƙwari suka faɗa wa gonakin ɗaya kaɗai, lissafi ya karkace. Idan mutanen Gabas suka raba irin da surukansu na Yamma, wanda abu ne mai kyau a zumunci, bambancin zai ragu, aikin ya zama kamar bai yi amfani ba. Ƙauye biyu kuma sun yi kaɗan, gara a sami da yawa a kowane ɓangare. Don haka duk lokacin da muka kawo muku sakamako, ku yi mana tambayar baba: me kuma zai iya jawo wannan ban da aikinku? Idan kun kawo dalili, mu je mu duba shi. Sakamakon da ya tsira daga tambayoyi da yawa shi ne abin dogara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ku kuka san abin da ya faru a ƙauyenku wanda takardarmu ba ta tambaya ba.

Alkawarinmu da roƙonmu

Ga abin da muka ɗauka a kanmu. Ba za mu hana kowa taimakon gaggawa don neman lissafi ba. Inda annoba ta ɓarke, ko yunwa, ko gobara, ko aka kori mutane daga gidajensu, babu zancen ƙauyen kwatanci. Awon nan na ayyukan da dama kuɗinsu ba ya isa kowa a shekara guda ne, inda tilas wasu su riga wasu. Ƙauyen da muka auna yana jira, za mu faɗa masa gaskiyar matsayinsa a jerin, ba za mu yi alkawarin abin da ba mu da shi ba. Ba wanda za a tilasta wa amsa tambaya, kuma abin da gida ya faɗa ba za a kai shi kasuwa ba. Idan mun gama lissafi za mu dawo mu karanta shi a gaban ƙauyen da ya samu da wanda ya jira, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

Ga kuma roƙonmu. Na ɗaya, ku faɗa mana gaskiyar adadi. Mun san wasu sukan rage buhunan da suka noma don a ga sun cancanci taimako, wasu kuma sukan ƙara don su faranta mana rai. Duka biyun suna sa mu ci gaba da kashe kuɗi a kan abin da ba shi da amfani. Na biyu, sakatarori su riƙa rubuta abin da ya faru da ranarsa: ranar da ruwa ya sauka, ranar da famfo ya lalace, ranar da wata ƙungiya ta kawo nata taimakon. Na uku, idan kun ba maƙwabta iri ko suna ɗibar ruwa a rijiyarku, ku ci gaba, amma ku sanar da mu don mu sa shi cikin lissafi. Na huɗu, ku karɓi ma'aikatanmu tun kafin a fara aiki, domin awon farko idan ya wuce ba ya dawowa.

'Yan'uwa, kuɗin da ake waɗannan ayyuka da shi gumin mutane ne, har da na gwauraye da masu ƙaramin ƙarfi da suka ba da abin da suke da shi. Ku ma kuna ba da yashi da dutse da ƙarfinku. Idan muka shekara biyar muna raba abin da damina ce ke yin aikinsa, kuɗin da zai haƙa rijiya a ƙauyen da ke jira ne muka ɓatar. Ƙauyen da aka ƙidaya bana yana taimaka mana mu san abin da ya cancanci a kai masa baɗi.

Baban da ya yi mana tambaya, mun koma mun gaishe shi, mun kuma ƙetare rafin da takardunmu. Tun daga ranar ba mu sake fara aiki ba sai mun tambayi kanmu da wa za mu kwatanta.

 Yanzu fili naku ne, mai tambaya ya ɗaga hannu, iyayenmu mata su fara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.